Surukai a Ƙarƙashin Jar Mota

Ƙarar farko da muka ji, na ɗauka dutse ne ya daki ƙasan motar. Ta biyun kuwa sai da sandar giya ta yi tsalle a hannun Shamsu, kwanon dublan da ke kan cinyata ya kife, Gwoggo Tasalla ta dafe gilashi tana salati.

"Shamsu, wagga mota taka ƙashi taka taunawa?"

"Ba komai, Gwoggo, yanzu za ta daina."

Ba ta daina ba. Duk sanda ya taka totur sai mu ji kwam daga gaba, kamar an sa taɓarya an daki turmi babu hatsi. In ya ɗaga ƙafa, wani kwam ɗin. Ina maƙale a kujerar baya, wadda ban yarda don mutane aka yi ta ba, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, ina kallon ƙeyarsa tana tsattsafo da gumi. Mun ɗan wuce garin Daki Takwas ya gangara gefen titi, ya tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa inda wata Bafulatana ke zaune da ƙoren nononta.

Bari in ɗan tsaya nan, saboda na ga sababbin masu karatu sun shigo mana. Sunana Muhsina, ’yar Gummi ce ni, ina koyarwa a firamare. Ni ce ’yar fari wurin Malam Namadi bakanike, mai garejin manyan motoci da tarakta a bayan tasha. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba, "wagga" nake a bakinsa, Inna ma haka. Zancen aurena kuwa ko a gabansa aka ɗauko sai ya tashi ya ce zai duba wata mota. Duk abin da ya shafe ni yana hannun yayarsa, Gwoggo Tasalla, wadda ta goya ni.

Ita kuma Gwoggo tana da nata ɗan takarar, Faruk mai shagon atamfa a Anka, ɗan ƙawarta. Ba dole za ta yi mini ba, ta sha faɗa, sai dai kullum in na kai mata abinci sai na ji yadda Faruk ba ya wuce sallar jam'i, da yadda motarsa take da ƙofa huɗu kamar ta mutanen kirki. Ta riga ta yanke cewa ranar sunan jaririn ’yarta Lubabatu a Anka, in dangi sun taru, za ta faɗi wanda zai turo magabatansa. Ranar ce wannan.

Dabarar a sa Shamsu, wanda ni nake so, ya kai mu Anka tawa ce. Na ce in Gwoggo ta zauna kusa da shi tsawon hanya, ta ji ladabinsa, ta ji yadda yake fama da sana'arsa ta sola da injinan ban ruwa a Bukkuyum, za ta manta da jar motarsa mai ƙofa biyu, wadda take ƙasa-ƙasa har tudun rage gudu sai ta bi shi a karkace. Na ci leshina ruwan zuma, na yafa mayafi mai duwatsu, lallen da aka zana mini jiya ya kama ɓul. Shi kuma ya zo cikin farar shadda mai ɗaukar ido, hula zanna ta zauna daram. Ga inda dabarata ta kawo mu.

Ya buɗe bonet ya leƙa. Na samu na zaro kaina daga baya na je na tsaya gefensa, ba kusa sosai ba, don idon Gwoggo na kanmu.

"Mene ne?"

Ya dafa injin ya girgiza shi. Abin ya yi rawa kamar haƙori mai shirin fita.

"Kujerar inji ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin ga waccan robar mai ruwan ɗorawa? Ita ke riƙe inji da jikin mota, ɗaya nan ɗaya can. Na kamfani masu laushi ne, na cire su na sa waɗannan masu tauri da na yi oda daga Legas, don mota ta fi amsawa in an taka ta. Notin wannan ya faɗi a hanya, na can ma ya kwance."

"To ka ɗaure mana."

Ya sosa kunne. "Akwatin kayan aikin yana gida."

"Gida?"

"But ɗin ƙarami ne. Da na ga kayan barkar Gwoggo, buhun gero da kaji da tabarmi, sai na sauke akwatin don su shiga."

Wallahi na rasa dariya zan yi ko kuka. Wayata ta yi ƙara. Fiddausi ce, ƙanwata, wadda ta kwana a gidan sunan.

"Kuna ina? An yanka rago. Faruk ya zo da katan-katan na lemo, sai gaishe da tsofaffi yake yana durƙusawa kamar mai neman ƙuri'a."

Na kife wayar. "Ba za ta lallaɓa zuwa Anka a haka ba?"

"In inji ya ƙara tsalle zai tsinke tiyon ruwa. Sai mu kwana a daji."

Wannan hanyar kuwa kowa ya san ba a bari yamma ta yi wa mutum a kanta.

"Kira Baba," na ce.

Ya kalle ni kamar na ce ya kurɓi fetur. Shamsu fa, tun da ya fara zuwa wurina bai taɓa bin layin garejin Baba ba. In ya hango shi a kasuwa sai ya shige rumfar da ta fi kusa, ko ta masu kifi ce. Ko man inji zai canja sai ya tafi har Gusau.

"Akwai wani yarona a Gusau, bari in kira shi."

"Kafin ya iso an yaye jaririn."

Gwoggo ta riga ta sa an ciro mata tabarma ɗaya daga kayan barka, ta baje kusa da mai nono ana dama mata fura. "Ku bar shi shi yi tunani," ta ce. "Ni ba ni sauri. Can Anka akwai masu mota."

Wannan maganar ce ta sa na zagaya bayan ɗorawa na danna lambar da ban cika dannawa ba.

"Baba, mota ta lalace mana gaba da Daki Takwas."

Ina jin ƙarar guduma a bayansa.

"Yaya Tasalla tana lahiya?"

"Lafiya lau."

"Motar wa?"

"Ja ce."

"Mi tay yi?"

"Wai kujerar inji."

Ya kashe. Da na dawo na gaya wa Shamsu, sai ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa, ya dubi gonar dawar da ke gefen titi kamar mai auna ko za ta ɓoye mutum.

Ba a jima ba muka ji kukan tsohon mashin ɗin Baba. Ya ɗaure jak da guntayen katako da jakar sifanu a baya, yana cikin shuɗiyar rigar aikinsa da mai ya mayar baƙa. Ya sauka ya gaishe da Gwoggo. Ya gaishe da mai nono, har da tambayar shanu. Shamsu ya zube can nesa, gwiwa a ƙasa, hula a hannu, yana jero gaisuwa. Baba ya dubi reshen ɗorawa ya ce, "Lahiya lau."

Ya zagaya motar hannu a baya, ya leƙa inji, ya taɓa robar da yatsa.

"Yaya, ki ce ma mai mota shi tada ta."

Gwoggo ta ajiye ludayi. "Shamsu, wai ka tada ta, in ta ga dama ta tashi."

Ya tayar. Inji ya yi rawarsa.

"Ki ce mai shi kashe. Ki tambaye shi wa yas sa mai wagga roba."

"Wai wane maƙiyinka yas sa maka wagga roba?"

Shamsu, kansa a sunkuye, ya ce, "Gwoggo, ki ce ni na sa da kaina."

"Ya ce shi na maƙiyin."

Mai nono ta rufe baki da gefen zane. Mutum biyu, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, kowa na jin numfashin kowa, amma magana sai ta je wurin Gwoggo ta sha gishiri ta dawo.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya zai shiga ƙasa ya tokare inji da jak, ya ɗaga shi har ramukan su daidaita, ɗaya ya ɗaure daga sama. Suka hau da tayoyin gaba kan katako, suka tare na baya da duwatsu. Baba ya durƙusa ya auna ratar da ido, ya dubi cikinsa. Ba sai an faɗa ba.

"Ki ce ma mai mota motatai ba ta son masu tumbi."

Na ɗauka Shamsu zai tuɓe rigar. Ina fa, a gaban surukai? Haka ya kwanta da farar shaddar nan a kan jar lakar da ruwan daren jiya ya bari, ya ja jiki ya shige, ƙafafunsa kawai ke waje da takalmi mai sheƙi. Zuciyata ta ce, Muhsina, in ba ki auri wannan ba kin ci amanar shadda.

Wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne, daga ƙarƙashin mota.

"Ki ce a miƙo mini katako mai faɗi in sa tsakanin jak da tukunyar mai, kar ta lotsa."

Na gaya wa Gwoggo, Gwoggo ta gaya wa Baba, Baba ya tura katakon da ƙafa. Wani saƙon ya shigo.

"Lallenki ya yi kyau."

"Ka yi aikinka," na rubuta.

"Ina ganin ƙafarki daga nan. Ita ke ba ni ƙarfi."

Na ja baya da sauri na saki mayafi ya rufe.

"Mi yac ce?" in ji Gwoggo.

"Wai jak ɗin yana da ƙarfi."

Baba ya zazzage gwangwanin notinansa a kan tsumma, ya tona har ya samu wanda ya hau zaren ƙusar, ya haɗa da washa mai tsaga, ɗan zoben da ke hana noti kwancewa. Inji ya ɗaga a hankali, ya dawo tsakiya. Baba ya sa notin da hannu, ya kwance na ɗaya gefen gaba ɗaya don su zauna tare.

"Ki ce kar a ɗaure tukuna, sai na sauke jak nauyin inji ya zauna a kan robar," Shamsu ya rubuto.

Kafin saƙon ya gama zagayensa Baba ya ce, "Ki ce mai shi sauke jak, ba a ɗaure inji shina rataye." Ya ɗan tsaya da ya ji Gwoggo ta kawo masa maganar da ya gama faɗa. Na ga gefen gemunsa ya motsa.

Daidai nan kiran Lubabatu ya shigo, mai jego da kanta. Gwoggo ta fizge wayar daga hannuna ta kafa a kunne, ta juya mana baya. "Muna nan bisa hanya, ɗiyata. A'a, ba hatsari ba na, gayu na."

Shi ke nan, layin sadarwa ya yanke.

Baba ya ɗaure notin da sifana har ya tsaya. Sai ya koma wurin mashin ya zaro wani dogon bututun ƙarfe. Na san bututun nan tun ina yarinya. Shi yake zura wa sifana in zai ɗaure tayar tirela, ya hau da duk nauyinsa har noti ya yi kuka. A wurin Baba, notin da bai yi kuka ba bai ɗauru ba.

Na ga ƙafafun Shamsu sun daskare. Wayata ta ɗan yi ƙarar shigowar saƙo a kunnen Gwoggo, ta sake yi, ta sake. Gwoggo ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda ta ci gaba da tambayar wa da wa suka zo. Ni kuma ban san abin da ke faruwa ba, balle in tsoma baki a aikin Baba.

Ya zura bututun. Ya gyara tsayuwa. Ya tofa yawu a tafin hannu.

"Baba, dakata."

Daga ƙarƙashin mota muryar ta fito. Mai nono ta bar dama. Gwoggo ta sauke wayar a hankali, ana ta "Inna, Inna, kina jina?" daga ciki. Ni dai na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige in same shi a can.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji Shamsu. "Hannun da ke riƙe da kujerar ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne. In bututu ya hau shi zai tsage, kuma babu irinsa kusa. Gwoggo ba za ta ga suna ba."

Baba ya tsaya da bututun a hannu har na fara karanto duk addu'ar da na iya. Sannan ya zare sifanar, ya ƙwanƙwasa wurin da ita, ya kasa kunne. Ya ƙwanƙwasa jikin motar, ya sake kasa kunne. Ya jingine bututun da taya.

Ya sunkuya, ya leƙa ta tsakanin inji, inda fuskar Shamsu take.

"To ƙaƙa aka yi mata?"

Ba Gwoggo ya tambaya ba.

"Akwai wani gam shuɗi a aljihun gaban mota, na noti ne. A ɗiga a zaren, a ɗaure da ƙarfin hannu kawai, wannan gefe kaɗan, wancan kaɗan."

"Kana da shi, don mi ba ka sa ba tun farko?"

"Ranar da na ɗaura su bai iso ba. Na ce zan koma in sa, ban koma ba."

"Uhm. Wagga," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "ɗauko."

Na ɗauko har ina tuntuɓe. Daga nan kuma, jama'a, sai ga mutanen nan biyu sun manta da mu. Baba na cewa roba mai tauri ta titin Turai ce, a hanyar Anka duk ramin da taya ta faɗa noti ne ke shan dukan. Shamsu na cewa ai ta kamfanin wata biyu take yi ta yage. Baba ya ce to washa mai tsaga fa, wa ya hana shi sawa? Shamsu ya ce gaskiya bai yi tunaninta ba. Baba ya karɓi ’yar kwalbar gam ɗin ya shinshina, ya karanta jikinta da nisa da ido, ya tambaya ko yana kama notin tarakta. "Riƙe nan." "Na riƙe, Baba." "Saki kaɗan." "Na saki."

Gwoggo ta kashe wayar ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Idonta na kan ƙaninta.

Shamsu ya fito. Shaddar ta gaba fara ce, ta baya kuwa kamar an yi daɓe da ita, ga ɗigon baƙin mai a goshi. Ya tayar da mota. Inji ya ɗauka da gurnaninsa, ya tsaya cak a wurinsa. Ya taka totur, ya saki, ya sa giya, ya cire. Babu kwam. Baba ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ɗan jima, sannan ya yi alama a kashe.

Yana goge sifanu yana jera su a jaka ya ce, "Irin wagga kujera sai ana dubawa. Duk ka yi doguwar tahiya ka kawo ta gareji in taɓa notin. Gusau ta yi nisa."

Shamsu ya zube ƙasa. Kunyar da ta tafi yawo ta dawo masa gaba ɗaya, ya kasa cewa komai sai "Allah ya ƙara girma."

"Namadi," in ji Gwoggo, "yau kai ad da magana da mutane?"

"Da mota niy yi magana," ya ce, yana ɗaure jak a bayan mashin.

Gwoggo ta shanye sauran furarta, ta goge baki, ta miƙa mini hannu in tashe ta. Ta daɗe tana kallon bayan rigar Shamsu.

"Kai, baffanninka suna nan Bukkuyum ko sun ƙaura?"

"Suna nan, Gwoggo."

"To su san hanyar Gummi. Amma ba cikin wagga abar za su zo ba, tsohi na."

Na juya na fuskanci ɗorawa don kar a ga bakina. Na rubuta wa Fiddausi, "Ki sha lemon Faruk da kyau, na ban kwana ne." Ta turo mini fuskokin dariya cike da allo.

Ina naɗe tabarma wata farar mota mai baƙin gilashi da ta fito daga wajen Anka ta wuce mu, ta taka birki, ta dawo da baya. Ƙofar baya ta buɗe. Wata doguwar mace ta sauko, baƙar abaya mai aikin zinari a hannu, tabarau ya rufe rabin fuskarta, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Ba ’yar yankinmu ba ce, daga takunta ma an sani.

Ta yi sallama, ta gaishe da Gwoggo da Baba a tsanake cikin Hausar birni. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro makulli, ta nuna jar motar ta danna. Fitilun suka ƙifta, ƙofofin suka kulle kansu. Na dubi hannun Shamsu. Nasa makullin na nan a tafinsa.

Ta zare tabarau ta dube shi daga hula har takalmi.

"Shamsuddini, tun daga Kaduna nake cigiyarka. Wa ya ce ka buɗe mini injin motata?"

Baba, wanda ya riga ya ɗora ƙafa zai tayar da mashin, ya sauke ta.